Amsar da Baffanka Bai Samu Ba

Aziziya, Riyad
Watan Rajab

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Aminci da rahamar Allah su lulluɓe ka a duk inda takardar nan ta same ka, ko kana cikin jirgi ko ka riga ka sauka. Ina gaishe ka gaisuwar da ban iya yi maka ido da ido ba. Allah Ya sa ka buɗe ta kana lafiya, cikinka da abinci, ba kowa a bayanka.

Na sa ta ne a ƙarƙashin falmaran ɗin mahaifinka, domin na san shi za ka fara nema idan ka buɗe jaka. Rubutun nawa ne, ba wanda ya riƙe mini hannu. Ka san sai da furfura ta fara fito mini sannan na zauna gaban Malama Asabe ina koyon baƙaƙe tare da yaran da na isa in haifa, saboda haka ka yi haƙuri da layin da ya karkace. Na kuma san Hausarka ta baki ce, Larabci ya fi zama maka. Kalmar da ta gagare ka, ka furta ta a fili, kunnenka zai gane ta. Da kaset na so in yi maka kamar yadda kowa ke aika saƙo gida, har na sayi batir. Na zauna gaban rikoda na danna, tana ta juyawa ba ta ɗauki komai ba sai tarina. Abin da nake son faɗa bakina ba ya fitar da shi, sai na ce bari in gwada hannu.

Ba zan sake roƙonka ka fasa ba, na yi na gaji. Amma ina so ka san na fahimci abin da ka shiga, kada ka ɗauka don ban yi makaranta ba ban gane ba. Takardar da ofishin mutanen mahaifinka suka ba ka fitar da mutum take yi, ba ta dawo da shi. Wadda kake nema, tazkira, mai nuna cewa kai ɗan Afganistan ne, ba a ba da ita sai wani namiji daga dangin uba ya tsaya da tasa a hannu ya ce kai jininsu ne. Namiji ɗaya ya rage maka, baffanka Sher Muhammad. Idan ya ce e, ka samu ƙasa, ka samu fasfo, wataƙila wani kafili, uban gidan da zai tsaya maka, ya ɗauko ka aiki in sake ganinka. Idan ya ce a'a, ka tsaya ke nan a ƙasar da ake yaƙi, ba ka jin yarensu, ba ka da hanyar komowa. Kuma mutumin nan ya taɓa tambaya sau ɗaya, aka ba shi amsar da za ta sa ya ce a'a. Ni na ba shi.

Ka san labarin, kana wurin. Amma kana yaro, abin da kunnenka ya ji kawai ka sani. Bari in ba ka shi yadda yake daga inda nake zaune.

A garinmu, can wajen Kazaure, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta yi masa wasa, idan ya faɗi ba ita ke rugawa ba. Da an yaye shi sai a miƙa wa wata ta riƙe. Haka aka yi wa yayata Hanne, ita ce ta fari a ɗakinmu, har uwarmu ta rasu ban taɓa jin sunan Hanne a bakinta ba. Wannan shi ake kira kunya, kuma da shi ake auna tarbiyyar mace. Na ɗauko shi a kaina na ƙetaro teku da shi kamar yadda na ɗauko kayan sawata, ban taɓa tsayawa na tambayi ko yana da amfani a nan ba. Da aka yaye ka sai na miƙa wa Yaya Hanne kai, ita da Allah bai ba haihuwa ba. Gidanta da namu katanga ɗaya ce. Ka tashi kana ce mata Umma, ni kuma Inna Zulai. Ita ta laƙaba maka Jatau saboda hasken fatarka, unguwa duka ta ɗauka. Ni ko Jatau ɗin ban cika faɗa ba, sai dai in ce yaron nan, ko in ce kai.

Mahaifinka bai taɓa gane wannan abu ba. Yakan dawo daga gidan burodi da tamis mai zafi, gurasar nan tasu, a naɗe cikin mayafinsa, ya tsaya a tsakar gida ya ce da Larabcinsa mai karaya, "Zulai, ina ɗanki?" Sai in juya baya in ce, "Tambayi masu shi." Ya yi ta dariya yana cewa bai taɓa ganin kazar da ke gudun ɗan tsakonta ba sai ni. Shi kam a kafaɗa yake ɗora ka ya zagaya da kai kasuwar kayan gwari, yana nuna wa masu tumatir da masu kankana, har kunya ta hana ni bi ta wannan layi.

Da ƙirjinsa ya ci shi, bayan shekarun da ya yi yana sunkuya kai cikin tanderu, baffanka yana aikin gonar dabino a Buraida. Ya zo ta'aziyya da hantsi, lokacin Malam Sule, mijin Yaya Hanne, ya fita tuƙin uban gidansa, babu namiji ko ɗaya a gidan. Ɗaki cike da matan garinmu, ni ina ƙurya cikin takaba. Aka shimfiɗa masa tabarma a bakin ƙofa, labule a tsakaninmu. Ya yi addu'a, sannan ya ce, "Ɗan'uwana ya bar ɗa?"

Kana tsaye a jikin ƙofar kana kallonsa. Yaya Hanne ta jawo ka jikinta ta ce, "Wannan nawa ne," kamar yadda kowace marikiya za ta faɗa.

Ya ce, "Matar nake tambaya. Ke, yaron nan naki ne?"

Duk matan suka juyo suna jira su ga ko zan zubar da mutuncin gidanmu. Na ji idanunsu a wuyana. Na sunkuyar da kai na ce, "Na Yaya ne."

Sai na ji Hajiya Tabawa tana cewa ƙasa-ƙasa, "Zulai akwai kunya, ko a cikin takaba." Wata ta ce, "'Yar gidan mutunci ke nan." Wallahi har daɗi na ji. A zatona mutumin ya gane, domin duk Bahaushen da ya ji wannan amsa ya san uwa ce ta yi magana. Ya miƙe ya sa takalmansa, ya karɓi ƙunshin kayan ɗan'uwansa ya tafi. Sai bayan na fita takaba masu gidan burodi suka gaya wa Malam Sule cewa Sher Muhammad ya koma ƙasarsu, kuma ya faɗa musu marigayi bai bar baya ba. Muka yi masa kaset muka ba wani mai tafiya. Amsar da ta dawo a bakin mutumin gajeriya ce, wai matar da bakinta ta ce ba nata ba ne, a gaban shaidu.

Yau ina Hajiya Tabawa? Tana Kano cikin jikokinta, kowannensu da takardarsa. Matan da suka yaba mini ba wadda ta taɓa tsayawa a layin wani ofishi dominka. Yabon nasu na riƙe, shi ne abin da na samu.

Saboda haka abu na farko da zan ce maka shi ne, duk inda aka tambaye ka ɗan wane ne kai, ka ɗaga kai ka faɗa duka, sunanka da na ubanka da na kakanka, da murya yadda na bayan ɗaki zai ji. Kada ka yi kara, kada ka jira wani ya faɗa maka, kada ka ɗauka mai tambaya zai gane abin da ba ka furta ba. Na lura ka ɗauko halina, idan babba na magana kana kallon ƙasa kana amsawa a ciki. Ka ajiye wannan a filin jirgi. Kunyarmu a cikin mutanenmu kawai take da ma'ana, a wajen wasu ƙarya ce ko rashin gaskiya.

Aurenmu ma ba shi da takarda, ka sani. A wani ƙaramin masallaci bayan kasuwa aka ɗaura, Malam Sule ne waliyyina. Shaidu biyu, wani Basudane mai sayar da albasa da aka kama aka mayar ƙasarsu, da wani dattijo mai kwaɓa ƙullu tare da mahaifinka, shi ma ya rasu. Da aka haife ka Malam Sule ya ce wa mahaifinka ya je ya rubuta ka a wurin mutanensu. Ya ce bukra. Kullum bukra, gobe in Allah Ya so, yau akwai aiki, yau gari ya yi zafi, yau an ce shugabannin ƙasarsu sun sake canjawa, a bari ƙura ta lafa. Ina jin su, ban sa baki ba, wai mace ba ta matsa wa miji a kan abin da ya shafi ofis. A lokacin takarda a wurina abar naɗe ƙosai ce. Da zan iya karatu a wancan zamani da na san abin da ake jinkirtawa. Allah Ya jiƙansa, mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mini murya ba, amma ina jin haushinsa har yau, kuma ba zan ɓoye maka ba. Yana da lokacin zagaya kasuwa da kai a kafaɗa, bai da lokacin hawa mota zuwa ofis.

Kai kada ka yarda da gobe. Idan baffanka ya ce ya amince, kada ka ce a bari a huta, a sha shayi, a yi bayan salla. Ka kama gefen rigarsa da ladabi ku tafi a ranar. Wanda ya ce e da safe yana da mata da 'ya'ya da za su zauna da shi da yamma.

Da lokacin makaranta ya yi, Malam Sule ya sa ka a iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa, a matsayin ɗansa. Taimako ya yi, da ba don shi ba da ba ka taɓa zama a aji ba, kuma kada in ji ka taɓa ambatonsa da sharri. Da aikinsa ya ƙare za su koma gida, kai kuma ka girma ka wuce zama a takardar wani, hanya mai sauƙi tana nan a buɗe. Da ka karɓi fasfon Nijeriya a matsayin ɗan Sule, da yanzu kana tuƙi a unguwar Ulaya kamar sa'o'inka, kana dawowa kana cin tuwona. Na roƙe ka, Yaya Hanne ta yi kuka har ta shiga jirgi. Ka tuna abin da ka ce mini a bakin murhu?

Na ce, "Suna ne kawai a takarda, wa zai sani?"

Ka ce, "Ni zan sani. Malaminmu ya ce haramun ne mutum ya jingina kansa ga wanda ba ubansa ba."

Na ce, "To malamin naku zai ba ka iƙama?"

Ka ce, "Inna Zulai, ke kin riga kin ba da ni sau ɗaya. Ina tsaye a ƙofar, na ji ki. Ba zan ba da kaina sau na biyu ba."

Na ci gaba da tuƙa tuwo har ya kama. Ban san kana riƙe da wannan magana ba tun kana ɗan ƙanƙane. Ka zauna da ita shekara da shekaru kana gaishe ni da safe, kana kawo mini cefane. Na ji zafinka a ranar, ina kuma jin sa yanzu da nake rubutawa, domin ka zaɓi sunan mamaci a kan uwar da ke raye. Amma ban ce ka yi ƙarya ba.

Akwai kuma maganar yare. Mahaifinka yakan yi maka magana da harshensu, kana mayar masa, ina yi muku dariya ina cewa kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Bayan rasuwarsa na hana ka zuwa gidan burodin. Tsoro nake ji kada wata rana su ɗauke ka su kai ka ƙasarsu, tunda na ji an ce ɗa na dangin uba ne a wurinsu. Idan tsohon mai kwaɓa ƙullun ya aiko maka da tamis, sai in karɓa a ƙofa in ce kana barci. Haka 'yan kalmomin da ke bakinka suka bushe. Ga shi abin da na guje wa ya zo, ba wanda ya ɗauke ka, da ƙafarka za ka, kuma za ka isa kurma. Da na bar ka a cikinsu da yau akwai mutum goma da za su ce a gabansu ka girma.

Ka koyi yaren ko da za su yi maka dariya, kuma za su yi. A nan kai ne Jatau, a can kai ne baƙi, yara za su bi ka suna kallo. Kada ka yi fushi, kada ka yi ta ba su amsa da Larabci kamar kana nuna musu ka fi su. Abin da aka sa a gabanka ka ci. Ka nemi gwaggonka, Bibi Gul, in tana raye. Ita ta goyi mahaifinka, yana yawan ambatonta, ya ce ko ubansu yana shakkar bakinta. Ba za a karɓi shaidarta a ofis ba, amma ita za ta iya hana baffanka barci. Ka ba ta falmaran ɗin ta sansana, ita ta ɗinka masa.

Yanzu maganar gona. Wannan ban koye ta daga kuskurena ba, na daɗe ina juya ta ne a raina. Mahaifinka yana da rabo a gonar ubansu, mai itatuwan rumman a gefen rafi. Tun da aka ce bai bar ɗa ba, ka san hannun da rabon ya shiga. Na sha tambayar kaina, shin mutumin nan bai gane ba ne da gaske, ko kuwa amsata ta yi masa daɗi? Ya ga yaro mai hancin ɗan'uwansa a tsaye a gabansa. Mai neman gaskiya zai jira namijin gida ya dawo, ko ya taka zuwa gidan burodi ya tambaya kafin ya yanke. Shi tambaya biyu ya yi ya sa takalmi. Allah ne Ya san zuciyarsa, amma kai ka shiga da sanin cewa ranar da ya ce kai ɗan ɗan'uwansa ne, a ranar ya ce gonar ba tasa ba ce shi kaɗai. Saboda haka tun kafin ya yi wannan lissafi, ka faɗa a gaban dattawan masallacinsu cewa suna ka zo nema, ba ƙasar noma ba, ka yafe. Haƙƙinka ne, na sani, kuma yana yi mini ciwo in ce ka bar shi. Amma rumman ba zai dawo mini da kai ba.

Idan ya ce ina shaida, ga abin da nake da shi, kada ka raina. Ranar da ya zo ban ga fuskarsa ba, kaina yana ƙasa, labule kuma bai kai ƙasa ba. Ƙafafunsa kawai na gani. Yatsansa na biyu ya hau kan babban, a ƙafar hagu, daidai irin na mahaifinka, daidai irin naka da ke cinye maka takalmi ta gefe ɗaya. Mahaifinka ya ce duk mazan gidansu haka suke. Kada ka yi gardama da shi. Ka bari lokacin salla ya yi, ka tsuguna kusa da shi wurin alwala a gaban mutane, ka wanke ƙafarka a hankali. Wannan kaɗai kunyata ta tsinta maka a ranar, ka yi amfani da shi.

Kada ka riƙe wa kowa bindiga, ko da an ce riƙe mini in ɗaura takalmi. Duk wanda ya ce zai ba ka takarda idan ka bi rundunarsu, ka ce kai baƙo ne mai neman kabarin kakanninsa. Ba kowane mai rawani da carbi ne zai ji tausayinka ba. Idan ka sauka Feshawar, kafin ka ƙetara iyaka zuwa ƙasarsu, ka nemi waya ka kira shagon Abu Salim na bakin layinmu, zai aiko a kira ni. Ko ba ka da labari mai daɗi ka kira. Kada ka ce sai ka samu sannan za ka yi magana, wannan ma halina ne, kuma ka ga inda ya kai mu.

Idan kuma duk ka yi wannan ya ce a'a, ya ce uwar da bakinta ta musa, to ka ciro takardar nan. Ka nemi mai jin Larabci a cikinsu, kai ka juya masa abin da ke ƙasa, shi ya juya wa baffanka, a gaban mutane kamar yadda na yi ta farko a gaban mutane. Ya yi mini tambaya ban ba shi amsar gaskiya ba, yau ga ta. Ba dangwale na yi ba, da alƙalami na rubuta, kuma na sa Malama Asabe ta koya mini sunan da baƙaƙen Larabci na sake rubuta shi a bayan takardar don ya gani da idonsa.

Sher Muhammad, yaron da ka gani a bakin ƙofa nawa ne. Ni na ɗauki cikinsa, ni na haife shi a ɗakin ɗan'uwanka, da aure na sunna. Ɗan'uwanka ne ya yi masa huɗuba a kunne, ya sa masa sunan mahaifinku. Sunansa Rahmatullah.

Ka ga na rubuta. Harafin farko ya fi sauran girma. Da na gama na gwada faɗa a fili, ni kaɗai a ɗaki, ya fita. Rahmatullah. Ashe ba shi da nauyi a baki.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya tsare ka daga harsashi da mugun abokin tafiya da ciwon da ba mai jinya. Allah Ya tausasa zuciyar baffanka, in kuma ba mai tausasuwa ba ce, Ya haɗa ka da wanda zai tsaya maka. Allah Ya jiƙan mahaifinka. Ya nuna mini ranar da za ka shigo ƙofar nan da takardarka a aljihu, in kira ka da sunanka a gaban duk wanda ke tsakar gida.

Ka kira waya, Rahmatullah.

Ni ce uwarka da ta haife ka,
Zulai